Gudun Aro

Ku gyara zama, jama'a, domin abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban iya gaya wa da baki ba. Rubutu ya fi min sauƙi, tunda waya ba ta kallon mutum da idon tausayi.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Tamsin Holloway, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin magani a Lewisham, kuma har yanzu ina gidanmu tare da Mama. Mu biyu aka haifa, ni da yayana Fergus da ke koyar da motsa jiki a wata makaranta can Leeds. Babanmu, Len, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Zuciyarsa ce ta tsaya yana zaune a kujerarsa ta falo, shayinsa ko hucewa bai yi ba.

Sau tara Baba ya yi gudun famfalaki na Landan, mil ashirin da shida da ɗoriya, lambobin yabonsa na nan rataye a bayan ƙofar kicin suna ƙara duk lokacin da aka buɗe ta. Kullum cewa yake sai ya cika goma zai huta. Bai cika ba. Shi ya sa na nemi gurbi ta hannun wata ƙungiyar taimakon masu ciwon zuciya, na ce ni zan yi masa na goman. Kun san samun gurbi a gudun nan sai mai tsananin rabo. Fergus shekara biyar yana jefa sunansa a ƙuri'a, ko sau ɗaya ba a ɗauke shi ba.

Sai ga ƙaddara. A watan Disamba na zame a matakalar tashar jirgin ƙasa, gwiwata ta tashi aiki, aka yi min tiyata. Likita ya ce bana ko bas kada in bi da gudu.

To a nan Dominic ya shigo zancen.

Dominic saurayina ne, shekararmu biyu da rabi. Dillalin gidaje ne, dogo, mai fara'a, bakinsa kuwa ko zuma albarka. Sau biyu yana tayar min da maganar aure ina cewa ya dakata. Ba don ba na sonsa ba, wallahi ina sonsa, har yanzu da nake rubutun nan zuciyar banzan nan ba ta gama jin magana ba. Abin da ke damuna ƙananan ƙaryarsa ce, irin mai daɗin nan. Ɗaki mai danshi ya ce wa mai saye ɗaki ne mai sanyin ni'ima. Ya yaba kek ɗin Mama har ta rasa inda za ta sa kanta, muna fita ya jefa ragowar a kwandon shara. Na taɓa ce masa, "Ni fa abu ɗaya nake so in gani a wurinka wanda ba da baki ka yi shi ba." Ya yi dariya ya sumbaci goshina.

Mama kuwa ba ta ga laifinsa ko na ƙwayar zarra.

"Yarima kike jira?" take ce min. "Ni ina shekarunki na haife ku ku biyu. Ki yi ta jan aji har wata ta ɗauke shi, sannan ki zo ki cika min gida da kuka."

Ranar wata Lahadi a watan Janairu muna kan tebur, ga gasasshen naman rago da dankali da romo, Fergus ma ya zo hutu. Ƙungiyar ta ce zan iya miƙa gurbina ga wani, ni kuma a raina na gama yankewa yayana zan ba. Na buɗe baki kenan, Dominic ya miƙe tsaye da kofinsa a hannu.

"Pauline," ya ce wa Mama, "ni zan yi wa Len gudunsa na goma. Tamsin ta ce tana son aiki ba magana ba. To ga aikin."

"Kai?" na ce. "Kai da ko bene hawa biyu sai ka nemi na'urar hawa?"

"Ki zuba ido, 'yan mata."

Mama ta fashe da kuka ta rungume shi. Na kalli Fergus, ya sunkuyar da kai yana yanka naman da ya riga ya yanku. Da ƙyar ya ce, "Ba komai, Tam. Ki ba shi." Ni kuma daɗi ya rufe min ido, na ba shi. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Wata uku ina cikin farin ciki kamar wawiya. Duk safiyar Lahadi sai saƙonsa ya shigo da hoton takalma duk taɓo.

"Mil goma yau. Na mutu. Ki zo da furanni."

"Jarumina! Ka sha ruwa da yawa."

"Mil sha shida. Ina tuna Babanki a kan tudun nan na Greenwich."

Wannan na ƙarshen sai da na shiga bayan kanti na yi kuka na wanke fuska. Da hannuna na manna haruffan sunansa da dutsen guga a gaban jar rigar ƙungiyar, DOM, manya-manya, don 'yan kallo su riƙa kiran sunansa suna ƙarfafa shi kamar yadda ake yi wa kowa. A bayanta na manna hoton Baba yana dariya, a ƙasa na rubuta, "Na goma, domin Len." Ana gobe gudu na dafa masa taliya tukunya guda, ya cinye tas, har da neman ƙari.

Safiyar ranar, tun ƙarfe bakwai Mama ta faɗo ɗakina da koriyar rigata mai ƙananan furanni, ta goge ta har tana sheƙi.

"Wannan za ki sa."

"Mama, kallon gudu fa za mu, ba biki ba. Wando da rigar sanyi zan sa."

"Ki sa abin da na ce. Ki kuma gyara farcen nan, kamar na mai haƙar dankali."

Ƙanwarta Anti Maureen tana bakin ƙofa da hularta mai gashin tsuntsu, tana ta ƙunshe dariya tana ƙifta wa Mama ido. Ni ba yarinya ba ce. Wa ake sa wa gyaran farce don kallon masu gumi? Na gane zobe ne ke tafe. Kuma bari in gaya muku gaskiya, ina shafa jan farcen ina murmushi, domin na riga na shirya amsata. E zan ce.

Ƙarfe tara da rabi hoton Dominic ya shigo, yana tsaye a filin da ake tashi, cikin jar rigar, lambarsa a ƙirji, ya ɗaga babban yatsa. Fergus ma ya turo nasa saƙon: "Mura ta kwantar da ni, Tam, ba zan samu zuwa ba. Ki gaishe da Mama." Na ji haushinsa, na ce a raina kishi ne kawai.

Muka je can kusa da ƙarshen gudu, filin da iyalai ke jiran nasu, kowa a ƙarƙashin allon harafin sunan gidansu. Mama ta shimfiɗa bargo a gindin namu, ta fito da fulas ɗin shayi da burodi mai cuku. Na buɗe manhajar da ke bin sawun masu gudu, na sa lambar Dominic, sai ga shi ya fito ɗan ɗigo shuɗi yana tafiya a kan taswira. Yana tafiya fa da kyau, babu tsayawa.

"Ikon Allah," in ji Anti Maureen. "Ashe yaron nan doki ne."

Da ɗigon ya wuce mil sha takwas na kasa zama. Baba ya sha faɗa min cewa daga mil ashirin ƙafa ke ƙarewa, sauran da zuciya ake yi, kuma a nan mutum ya fi buƙatar ganin fuskar nasa.

"Mama, bari in je Tower Hill in tare shi a mil ashirin da uku. Tashoshi kaɗan ne kawai, zan riga shi dawowa."

Kofin hannunta ya karkace har shayi ya zuba a bargo.

"Da wannan gwiwar? Ba inda za ki!"

"Ga sandata."

"Tamsin, na ce ki zauna. Shi da kansa ya ce kada kowa ya je hanya, hankalinsa zai rabu."

Sai na ce zan je layin banɗaki. Ina shan kwana na nufi jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina dogara sanda ina dariyar wayona. Kaico!

Tower Hill ba masaka tsinke. Ganguna, ƙararrawa, yara da manya suna miƙa wa masu gudu alewa. Wata dattijuwa ta ga sandata ta matsa min na samu bakin shingen ƙarfe. Masu gudu na ta wucewa, wani cikin shigar ayaba, wani yana kuka yana jan ƙafa. Idona ɗaya a waya, ɗaya a titi. Ɗigon ya matso, ya matso, har ya hau kan inda nake tsaye.

Sai na ji mutanen da ke sama da ni sun ɗauka: "Dom! Dom! Saura ƙiris, Dom!"

Na ɗaga sanda sama ina tsalle da ƙafa ɗaya. Ga jar riga, ga haruffan da na manna da hannuna, har da na tsakiyan da ya ɗan karkace. Hular rana a kai, baƙin tabarau a ido. Amma mutumin nan bai kai Dominic tsawo ba. Kuma yana gudu kafaɗarsa ta hagu a sauke, hannunsa na dama a dunƙule a ƙirji. Mutum biyu na sani a duniya masu wannan gudun, ɗaya yana kabari.

"Fergus!"

Ban san na iya ihu haka ba. Duk titi na kiran Dom, shi kuwa sunan da ya ji kenan. Ya yi tuntuɓe, ya juyo, ya zare tabarau. Fuskarsa ta yi fari fat da gishirin gumi, leɓɓansa sun tsage. Ya tako har bakin shingen yana haki.

"Tam... me kike yi a nan?"

"Ni za ka tambaya? Ina murar?"

"Don Allah, ba yanzu ba."

"Ina Dominic?"

Ya kasa kallona. "Yana can kusa da ƙarshe, yana jirana da jakata."

"Tun yaushe?"

"Tun Fabrairu ya daina fita. Sati uku kawai ya yi." Ya share gumin fuskarsa. "Mama ce ta kira ni. Ta ce in kin ji ya fasa, kin bar shi kenan. Ni kuma... Tam, gudun Baba ne. Ko da sunan kare ne zan yi shi."

Dattijuwar da ke gefena ba ta san dawan garin ba, ta daki kafaɗarsa tana cewa, "Kada ka tsaya, Dom, ɗana! Mil uku ya rage!"

Ya dube ni kamar mai neman izini. Na ce, "Je ka ƙarasa." Ya juya ya ci gaba, hoton Baba a bayansa ya jiƙe sharkaf yana min dariya har ya ɓace cikin mutane.

Jama'a, na sha jin ana cewa da ɗan gari akan ci gari, ban taɓa zaton garin ni ce ba. A cikin jirgi na zauna ina bin saƙonnin Dominic ɗaya bayan ɗaya. Mil goma. Mil sha shida. Tudun Greenwich. Ashe takalman yake fita da su ya dangwala a taɓo ya ɗauki hoto, ya koma ya ja bargo. Da sunan ubana da ke ƙasa ya yi min wannan wasan. Kuma ba shi ya fi ƙona min rai ba, shi dama na san halinsa, ni ce na yi wa rogo kallon kitse. Mama fa? Matar da ta ga ina kuka a kan dutsen guga ina manna hoton mijinta, ta dafa kafaɗata ta ce Len zai yi alfahari da yaron nan? Wani mutum da ke zaune a gabana ya miƙo min hankici, ya ce, "Naki bai gama ba ne?" Na ce masa, "Bai ma fara ba."

Da na dawo gindin allonmu, Mama na tsaye tana leƙe-leƙe. Tana ganin fuskata ta san an gama. Ta jawo ni gefe, nesa da kunnen Anti Maureen.

"Ina kika je?"

"Fergus yana gaishe ki. Murar ta yi sauƙi."

Ta runtse ido. Na zaci za ta ba ni haƙuri. Ina!

"To, kin gani, sai me? Gudun dai an yi shi, jinin Len ne ma ya yi. Wa aka cuta?"

"Ni, Mama! Ni aka cuta!"

"Rage murya, mutane na kallonmu. Yaron nan ya zo min har kicin yana hawaye, ya ce ya kasa, kuma yana tsoron rasa ki. Namijin da zai yi kuka saboda ke, shi za ki yar don bai iya gudu ba? Gudu za ki aura?"

"Gaskiya na ce ina so, ko sau ɗaya."

"Gaskiya!" Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Shekara talatin da ɗaya na yi da ubanki, kina tsammani komai muke gaya wa juna? Tun da ya tafi gidan nan ya zama kango, ni da ke muna kallon bango. Ina so in ga an sake dariya a teburin nan kafin nima in bi shi. Laifi ne?"

Idonta ya kawo ruwa, nawa ma haka. Na so in rungume ta, na kuma so in yi ta ihu har muryata ta dushe. Ta kamo hannuna ta matse.

"Ki rufa mana asiri, Tamsin. In aka gane wani ya yi gudu da lambar wani, yayanki ba zai ƙara shiga gudun nan ba har abada, ga shi malamin makaranta. Ki ce e kawai, in mun je gida ki zage mu son ranki."

Wayata ta yi ƙara. Manhajar ce: Dominic ya kammala, awa uku da minti hamsin da biyu. Anti Maureen ta saki guɗa irin tata, hularta har tana faɗuwa.

Minti ashirin da wani abu sai ga shi. Wayyo, da ma ku gan shi! Jar rigar a jikinsa, jiƙe da gumin yayana. Lambar yabo a wuya, bargon ledar nan mai ƙyalli da ake yafa wa waɗanda suka gama a kafaɗa, gashinsa jiƙe da ruwan gora. Har da ɗingishi, yana cije leɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"Na yi, Tam," ya ce da wata murya mai rawa. "Na yi wa Len."

Na tsura masa ido. Ko ya lura? Oho. Ya saba magana shi kaɗai. Ya juya ga mutanen da ke zazzaune a kewayenmu ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku ba ni aron minti ɗaya! Yau na yi tafiya mafi tsawo a rayuwata, kuma duk taku ɗaya sunan yarinyar nan nake kira."

Nan take aka yi mana zobe. Wayoyi suka tashi sama. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, yana nishi kamar durƙuson zai kashe shi, ya karɓi ɗan akwati shuɗi daga hannun Mama. Ashe a jakarta ya wuni, kusa da burodin.

"Tamsin Holloway, kin ce in nuna miki da aiki. Ga shi na nuna. Za ki aure ni?"

Anti Maureen na sharar hawaye. Mama ta matso bayana, ina jin numfashinta a wuyana, tana raɗa min, "Don girman Allah. Don darajar ubanki."

Na dube shi. Kyakkyawa ne, ba ƙarya, kuma idonsa cike yake da so na gaske, abin da ya fi ci min rai kenan. Kalma ɗaya ce tsakanina da zaman lafiyar gidanmu, kuma da safen nan a bakina take. Na kawar da kai don kada in yi kuka, sai idona ya sauka a kan mutanen da ke zube a ƙasa kewaye da mu, waɗanda suka yi gudun. Kusan kowa ya tuɓe takalmi. Ƙafafu a kumbure, ƙuraje sun fashe, wata mata farcenta biyu sun yi baƙi ƙirin, mijinta na zuba mata ruwa tana dariya tana kuka.

Na gyara tsayuwa a kan sandata.

"Zan ba ka amsa, Dominic," na ce, yadda kowa zai ji. "Amma ka fara cire takalminka da safa. Ina so in ga ƙafafun da suka yi wa Babana gudu."

Taron ya kwashe da dariya, sun zaci wasan masoya ne. Wani ƙato daga baya ya ɗaga murya, "Cire mata, ango! Mu ma namu duk sun ruɓe!" Sai suka ɗauka baki ɗaya suna tafi: "Cire! Cire! Cire!"

Murmushin ya daskare a fuskarsa. Bai kalli takalmin ba, bai kalle ni ba, Mama ya ɗaga ido ya kalla. Mama ta saki hannuna a hankali.

Ta bayan kansa, can cikin mutane, na hango Fergus yana tahowa cikin rigar sanyin Dominic da ta yi masa yawa. Babu lambar yabo a wuyansa, babu bargo a kafaɗarsa. Takalmansa na hannu, farar safarsa ta rine da jini, kuma kai tsaye wurinmu ya nufo.